Matuƙin da Na Binne da Bakina

Har yau ban manta da ranar da mamaci ya dawo mana a ɗakin fassara ba. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya, ga yadda aka yi.

Lokacin ina sa murya a wani ƙaramin kamfanin fassarar finafinai a Gyadi-Gyadi. Na Indiya muka saba da su, sai maigidanmu Alhaji Sabo ya kawo katun, wato fim ɗin zane, na Japan, irin wanda samari ke shiga cikin ƙattin mutum-mutumin ƙarfe suna yaƙi. Tsarinmu shi ne, Madam Rifkatu, wata malamar makaranta daga Ƙauyen Alu, ta karanta Turancin da ke ƙasan hoton ta ba mu ma'ana, mu kuma mu zuba Hausa daidai da motsin baki. In magana ta ƙare bakin bai tsaya ba, mai murya ya cike da tasa. Kuma ba ma leƙa gaba. Kashin da muka gama yau, gobe yana wurin masu tura fim a waya a kasuwar Tarauni.

Ni aka ba muryar Kwamanda, shugaban yaran da ke tuƙa ƙarafan. Fim ɗin ya yi ta ɗaure mini kai. Yaron da ya rantse jiya ba zai ƙara hawa ƙarfen nan ba, yau shi ne a gaba, ba tare da kowa ya lallashe shi ba. In an kusa cin su da yaƙi sai ya kurma ihu, ƙarfen ya miƙe garau. Na tambayi Madam ko ihun ne man fetur ɗinsu. Ta ce, "Baba Ilu, haka suke yi, kada ka wahalar da kanka."

Ana nan sai babban matuƙinsu ya faɗa teku, ƙarfensa na ci da wuta. Kwamanda ya tara yaran ya ce musu ya tafi. Bakinsa bai tsaya ba, sai na ƙara da cewa, "Da hannuna na binne shi."

Madam ta ce, "Baba, ka ga gawa?"

"Wutar nan fa?"

"A finafinan nan, in ba ka ga gawa ba, mutumin yana hanya."

Na ce mata na girmi wanda ya zana shi. Haka kashin ya fita.

Can gaba wani abokin gaba mai rufaffiyar fuska ya bayyana. Ranar da ya buɗe fuskar, sai ga mutumina. Alhaji ya juyo ya ce, "Malam Ilu, wa ka binne? Yaran Tarauni ba sa mantuwa. Ka fitar da mu, ko in ba wa wani muryar Kwamandan, kai ka koma muryar masu gadi."

Na sa aka yi ta maimaita sabon kashin har na samu wurin da Kwamanda ya juya baya. Kun san inda ba a ganin baki, fili ne na mai murya. Nan na sa ya ce, "Ƙarya na yi muku, ba kowa a ramin."

Madam ta ce, "Ka mai da mutumin kirki maƙaryaci don ka wanke kanka." Haka shi ma kashin ya fita.

Dab da ƙarshen fim ɗin, Kwamandan ya ci amanar yaran ya koma ɓangaren abokan gaba. Madam ta bi Turancin sama da ƙasa, ba ta ga dalili ko ɗaya ba. Amma masu kallo ba wanda ya yi ƙorafi. Wani mai tura fim ya tare ni ya ce, "Baba, Japanawan nan sun iya tsara labari! Tun ƙaryar jana'izar nan muka gane munafuki ne."

Alhaji ya bar mini muryata, amma na san ba dabarata ce ta cece ni ba. Abin da na koya shi ne, masu kallonmu za su yafe wa mai zane duk tsallen da ya yi, amma kalmar da suka ji da Hausa riƙe ta suke yi. Don haka in an ba ku bakin da bai tsaya ba, ku yi salati ko ku yi tari. Kada ku binne kowa sai kun ga gawa.