Littafi Mai Lamba Ɗari Uku da Sha Takwas

Sarmidi bai wuce aji huɗu a makaranta ba, amma a unguwarsu ta bakin kogi a birnin Semarang babu wanda ya kai shi cin littafi. Shekara arba'in yana tuƙa keken fasinja mai ƙafa uku. In babu fasinja sai ya haye kujerar gaba, ya miƙe ƙafa, ya zaro littafi. Sau da yawa mace za ta zo da kwandon cefane ta tsaya a kansa, ta yi gyaran murya har ta gaji, ta tafi ta hau na wani.

Littattafan duk na haya ne, daga shagon Babah Oei da ke bayan kasuwa. Littafin haya hannu da yawa yake bi, bangonsa ba ya wata biyu. Saboda haka da ya soma laushi sai Babah ya cire bangon, ya yanko takardar buhun siminti, ya ɗinke da basilla da zare mai kauri, ya rubuta lamba a baya da tawada. Sunan littafi da na marubuci sun tafi da tsohon bango ke nan. Masu haya sun saba, lamba kawai suke kira.

Yana da shekara ashirin da uku ya ɗauki ɗari uku da sha takwas. Labarin wani mai jirgin gishiri ne da ya bar matarsa da ɗansa ya shiga teku, guguwa ta fasa jirgin. Sai ka juya shafi, ka ga wani mutum da furfura ya sauka a ƙauye da wani suna dabam, yana bin gidaje a hankali, ba wanda ya gane shi. Marubucin bai ce ga inda ya kwana shekara ashirin ba, bai ce ga dalilin sauya suna ba. Wannan shirun shi ya kama Sarmidi. Shi ma yana ɗan shekara shida mahaifinsa ya tafi aikin gonar roba a Sumatra, kuma ko wasiƙa ba a sake gani ba. Sau tara ya karanta littafin. A kowane karatu, in ya zo wurin da mutumin ya tsaya bakin rijiya ya roƙi ruwa, sai ya rufe, ya ɗan zauna haka nan.

Daga baya talabijin ta shiga gidaje, Babah Oei ya rasu, aka auna littattafan a sikeli aka sayar wa masu suyar rogo da ayaba suna naɗe suya da su.

Yanzu Sarmidi ya ajiye keke. Da hantsi yakan je rumfar kofi inda tsofaffin masu karatu ke zama, kowa da gwaninsa a cikin marubuta. Wani na mai labarin 'yan takobi ne, wani na matar nan da ba ta gama littafi sai ta kashe wanda ka fi so. Mai baki a cikinsu shi ne Darno, tsohon ma'aikacin gidan waya, wanda yake sa wa littattafansa rigar leda, ba ya ara wa kowa.

"To Mas Midi, kai wane ne naka?" Darno yakan tambaya, ya san amsar.

"Wanda ya rubuta ɗari uku da sha takwas."

"Ka ji shi! Kowa na kiran mutum, shi yana kiran lambar mota. Ko a mafarki ka karanta?"

Sarmidi sai ya yi murmushi ya kurɓi kofinsa.

Da damina ta wuce ya lura gefen ganinsa yana duhu, kamar mai leƙe ta cikin gora. Likita ta ce ciwon ido ne irin wanda ba ya warkewa, magani sai dai ya ja masa lokaci. Da ya dawo gida ya ce wa matarsa Ngatiyem, wadda yake kira Bu, "Bu, ina so in sake karanta ɗari uku da sha takwas tun ina gani."

"Ka je ka nema mana, Pak. Zaman da kake yi ba zai kawo shi ba."

Ya shiga bin rumfunan tsofaffin littattafai, yana ba kowane mai rumfa labarin daga farko. Wasu su saurara, wasu su ci gaba da cin abincinsu. A mako na uku wani ya tsayar da shi tun bai yi nisa ba, ya tona ƙasan tari ya fito da ɗan littafi mai bangonsa. Sarmidi ya karanta layin farko. Shi ne.

A baranda ya zauna da shi, yana bin layi da yatsa. Kwana huɗu ya kai wurin guguwa. Ya juya shafi, sai ga gawar mai jirgin an tsinta a bakin gaɓa. Sauran littafin duk matar ce da wani attajiri.

"Ƙarya ne," ya ce da ƙarfi, har Ngatiyem ta leƙo daga madafa. "Sun ɓata shi, Bu. Wani ne ya sake rubutawa."

Washegari ya nemi Cik Lan, 'yar Babah Oei, wadda take sayar da zare da maɓallai a inda shagon yake da. Ta gane shi nan take. Ya ajiye littafin a gabanta ya faɗi damuwarsa. Ta tambayi lambar, ya faɗa. Sai ta rufe baki da hannu.

"Wayyo Pak Midi. Daga ɗari uku zuwa ɗari uku da arba'in ai na ambaliya ne."

"Na ambaliya kamar yaya?"

"Shekarar da kogi ya shigo shago. Littattafai suka jiƙe, wasu gaba ya ruɓe, wasu baya. Muka shanya su a kan rufi. Babah ya ce ba zai zubar ba. Sai ya ɗauki rabin wannan ya haɗa da rabin wancan ya ɗinke. Ni nake riƙe masa."

"Amma ai labarin ya tafi daidai."

"Pak, Babah ba ya duba labari. Tsawo da faɗi yake gwadawa. In sun yi kai ɗaya, shi ke nan." Ta so ta yi dariya, da ta ga fuskarsa ta fasa. "Ba wanda ya taɓa kawo ƙara kuwa."

Sarmidi ya daɗe yana kallon kwalaben maɓallai. Ashe mai jirgin bai taɓa dawowa ba. Wanda ya tsaya bakin rijiya wani ne can dabam, mijin wata, uban wani.

Kwana biyar bai je rumfar kofi ba. Rana ta shida Darno ya zo da kansa, ya zauna a kan benci ba a ce masa zauna ba.

"An ce ka mutu. Na zo cin shinkafar sadaka."

Sarmidi ya gaya masa komai, yana jiran dariya. Darno bai yi ba. Ya ce, "Bar zancen jirgi. Ba ni daga inda ya sauka ƙauye." Sarmidi ya soma. Da ya kai ga rijiya, Darno ya buga cinya.

"Kai! Ai yana cikin kabad ɗina. Shekara da shekaru kana rikita ni da gishirinka. Wannan mutumin ai ba teku ya je ba, dalilin tafiyarsa shi ne..."

"Kada ka faɗa."

"Gobe in kawo maka ka gani da idonka. Kai kaɗai zan ara wa, kuma ka wanke hannu."

"Mas Darno," Sarmidi ya ce a hankali, "in za ka kawo, ka yage farkon tukuna. Daga saukarsa ƙauye nake so."

Darno ya miƙe tsaye. "In yaga littafi? Ni? Ciwon ido ne da kai ko na kai?" Ya tafi yana ta faɗa har kwanar layi.

Kwana biyu shiru. A na uku da safe sai ga shi da leda a hammata. Ya ajiye a kan benci bai kalli kowa ba. Rabin littafi ne, an bi gindinsa da reza a tsanake, ko shafi ɗaya bai tauye ba.

"Kada ka yi mini godiya," ya ce. "Har yanzu ban yafe wa kaina ba."

Sarmidi ya yanke nasa a daidai guguwa. Ya jera biyun, suka yi kai ɗaya. Ya ɗauki basilla ya yi ta neman kafarta da zare, bai samu ba, sai Ngatiyem ta karɓa ta zura masa. Ɗinkin ya fito a karkace.

Ya ja kujera bakin ƙofa inda rana ta fi haske, ya kawo takardar dab da fuskarsa, ya koma shafin farko. Darno ya ce ya tsallaka zuwa rijiya mana, tunda ido ba ya jira.

"A'a," in ji Sarmidi. "Sai mutumin ya tafi tukuna, kafin ya dawo."