Mirkhan da Mahaukaciyar Bagaruwa

A rugagen Banni, wata makiyaya mai faɗi a bakin fadamar gishiri, in aka ce "mai baki biyu" ba sai an kama suna ba, kowa ya san Mirkhan ake nufi. Wasu ma na cewa an yi masa rowar lissafi.

Ubansa makiyayi ne na gaske, mai fararen shanu masu manyan ƙaho, a zamanin da ciyawar bayan damina ke haɗiye maraƙi har sai an bi kukansa kafin a gan shi. Mirkhan kuwa tun yana yaro ba abin da ya tsana irin bin shanu. In an tura shi kiwo sai ya nemi gindin itace ya miƙe, maruƙa su tsotse iyayensu tas, da yamma ya dawo yana rantsuwa wai shanun ne ba su da nono. Ƙanensa Sumar ke shan duka a madadinsa.

Yana saurayi wasu ma'aikata suka zo daga birni da buhunan irin wani baƙon itace. Suka ce gishirin fadama yana cin ƙasa, wannan itacen ne zai tare shi, suna neman masu watsawa. Dattawa suka kalli juna. Mirkhan ya yi tsalle ya miƙa hannu, don ya ji an ce akwai rigar kaki.

Ubansa ya same shi a tsakiyar makiyaya da buhu a kafaɗa. "Kai, me kake zubawa a abincin shanun mutane?"

"Ci gaba ne, Baba. Ba za ka gane ba."

Da wannan rigar ya nemi Hurbai har ya aure ta. Shekaru yana nuna wa baƙi tsiron da ya fito, yana bugun ƙirji: "Duk inuwar nan da hannuna na kawo ta."

Itacen bai tsaya inda aka ce ya tsaya ba. Dabbobi suka ci 'ya'yansa, suka kai irin ko'ina a cikin kashinsu. Duk inda ya kafu, ciyawa ta mutu a ƙarƙashinsa. Ƙananan rijiyoyin da ake tara ruwan sama suka fara ƙafewa da wuri. Shanun da suka saba da zaƙin 'ya'yan sai haƙora su zube, muƙamuƙi ya karkace, saniya ta tsaya tana dalalar da yawu a gaban ciyawa ba ta iya tauna. Mutane suka sa masa suna mahaukaciyar bagaruwa.

Da tsohon ya rasu aka raba gado. Sumar ya riƙa musanya shanunsa da ɓaunar gida, irin wadda ake kiwo a can don madara, don su cikinsu yana ɗaukar 'ya'yan itacen. Mirkhan ya ce shi ba zai ƙasƙantar da kansa da baƙar dabba mai kwana a taɓo ba. Gaskiyar magana kiwon ɓauna wahala ne, shi kuwa barci ya fi so. Nasa shanun suka ƙare ɗaya bayan ɗaya.

Daga nan sai ya zama ba wanda ya kai shi tsinar itacen. A rumfar mai shayi muryarsa ke danne ta kowa. "Tun ranar da aka sauke buhunan nan na ce musu annoba ce! Wa ya saurare ni?"

Labarin ya kai wa Hurbai. Da ya dawo ta ajiye masa gurasar gero ba man shanu, ta ce, "Baban Sakina, rigar annobar tana nan cikin akwati. In fito da ita ka kai rumfar shayi su gani?"

"Ke dai ba ki da ta ido."

"Ido kam ina da shi. Man shanu ne ba ni da shi."

Bayan wasu shekaru aka ba da damar sare itacen a yi gawayi. Wani ɗan kasuwa mai motocin ɗaukar kaya ya zo neman wanda zai tara masa masu sara. Kafin ya rufe baki Mirkhan ya riƙe masa ƙofar mota. A mako guda annoba ta koma ni'ima. Ya sayi baƙin tabarau da babur, ya riƙa yawo tsakanin tulin itacen da ake turarawa, yana daka wa talakawan da hayaƙi ya cinye wa ido tsawa. Shi bai taɓa riƙe gatari ba. Da ya ga nauyin buhu ake biya, sai ya sa aka shiga sare itatuwan gargajiya, har da tsohuwar bagaruwar da ubansa ke ɗaure maruƙa a gindinta.

Sumar ya zo ya tarar da kututturen. "Yaya, wannan ma mahaukaciya ce?"

"In ta ƙone duk baƙi ne. Wa zai tambaya?"

Sumar ya dube shi, ya tofar da yawu gefe, ya juya. Daga ranar bai ƙara shan shayi a gidansa ba.

Mahaukaciyar kuwa ko a jikinta. Duk wadda aka sare daga sama sai ta tofo da rassa fiye da na da. Ɗan kasuwan ya samu wani yaron da ya fi Mirkhan arha, ya sallame shi a bakin titi. Babur ya tafi, tabarau ya rage.

Ana nan makiyaya suka haɗa kai, da Sumar a gaba, suka ce za su tumɓuke itacen daga saiwa a wani fili, ko ciyawa za ta dawo. Aiki ne na kashe ƙugu. Maza na haƙa, mata na jan ƙaya, hannuwa duk jini. Mirkhan ya ce bayansa na ciwo. Amma ranar da baƙi suka zo da na'urar ɗaukar hoto, sai ga shi da rawani sabo fil a gaban kowa, yana lissafo sunayen ciyayi, rabi daidai rabi ƙirƙira, har da share hawaye. "Ni na taso 'yan'uwana," in ji shi. "Na ce mu ceci gadon iyayenmu."

Damina ta yi kyau, ciyawa ta fito har gwiwa. Tsofaffi suka riƙa zuwa suna shafa ta. Mirkhan, wanda ko akuya ba shi da ita, ya lallaɓa ya ja ƙaya ya kewaye gefen da ya fi kyau, wai nan ne makwancin shanun ubansa. Niyyarsa ya yanka ya sayar wa masu ɓauna.

Ba a ma kai maganar gaban dattawa ba. Matan da suka ja ƙayar da hannunsu suka fito da sanduna, Hurbai na cikinsu. Suka watsar da shingen yana tsaye.

"Har da ke?" in ji shi.

Ta nuna masa tafin hannunta, duk tabo. "Nuna naka."

Ya cusa hannuwansa cikin riga. Matan suka kwashe da dariya, wata ta ce a bar shi, kada iska ta ɓata masa fata. Sumar ya kora ɓaunarsa ta cikin wurin ko kallonsa bai yi ba.

Bayan wannan zama ya gagare shi a rugar. Hurbai ta koma wurin 'yarsu Sakina, tana ɗinkin ado tana ci da kanta. Shi kuma ya samu wuri a wani masaukin 'yan yawon buɗe ido a kan hanyar fadamar gishiri. Aikinsa ya zauna a ƙofa da rawani da sanda, kusa da wata tsohuwar ɓauna ta aro, baƙi su ɗauki hoto da makiyayin asali. Ɓaunar ba ta yarda ya taɓa ta, sai ya tsaya ɗan nesa yana murmushi. Masu kai madara birni in sun wuce a mota sukan leƙo su ce, "Kawu, ya garke?" Yakan ɗaga musu sanda ya ce lafiya lau.