Kilishe Ba Kilishi Ba Ne

Ana sallame sallar asuba munka bar Illela, ni da ƙanwata, a cikin wata tsohuwar mota da sai an tura take tashi. A bakin zanena na ɗaure hoton innarmu, Allah shi jiƙan ta. Shi kaɗai gare mu, kuma bai wuce akwatin ashana ba. Yanar ido ta fara rufe mini gani, in na duba shi ba ni ganin komi sai ɗankwali. So nake a ƙara masa girma in ga fuskarta tun idon bai ida tahiya ba.

Mai hoton garinmu ya ce aikin ya fi ƙarfinsa, in tafi Konni, amma can sai da kilishe. Da munka tsaya Tsarnawa sai na sa ƙanwata ta sayo kilishi na jikka guda. Tsada ga ta, nama kuwa kamar takarda. Na ɗauka ladan aiki ne. Kowace sana'a da kwaɗayinta.

A Konni, ga 'yan kabu-kabu kamar za su bi ta kan mutum, munka samu shagon hoton. Na ajiye hoto, na ajiye ƙunshi. Mai shagon ya buɗe, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ashe kilishe da Faransanci wata baƙar leda ce da ake fid da hoto daga gare ta. Nac ce masa:

"Ɗana, in ka gama dariyar, miƙo mini namana."

Ya ce injinsu na zamani ne, ba shi aiki sai da ledar, mu kuwa ba mu da ita. Mu nemi wani tsoho a Malbaza.

Munka koma bisa hanya, huɗu a kujerar mutum uku, da buhun albasa a ƙafata. Tsohon yana bayan masana'antar siminti, gemunsa fari, ban sani ba ko tsufa ne ko siminti. Ya ce takardar hoto ta daina zuwa, shi ke shafa wa takarda magani da hannunsa ya shanya a rana. Amma sai ya fara yin sabon kilishe babba, daidai girman hoton da nake so. Ya jawo fim iri biyu da kwalaben ruwan wanki, yana ta bayani, wannan mai zafi ne, wannan mai sanyi. Har da tambayata wanne nake so.

"Malam, ni na zo koyon aiki ne? Zaɓi mai kyau."

Ya zaɓi mai zafin, wai ya fi saurin fitowa. Munka zauna har azahar, munka ci tuwon dawa miyar kuka da ba a nuna mata daddawa ba. Hoto ya fito, fuska baƙa ƙirin kamar gindin tukunya, haƙora babu, tsaga babu.

"Wagga ba uwata ba ce. Ina tsagarta?"

"Hajiya, haƙuri. Fim ɗin ɗaya ya rage."

"To, wanke shi a hankali, kamar jinjiri."

Ya sirka ruwan, ya ɗauki mai sanyin, ya daɗe a ɗakinsa mai duhu. Da la'asar ya miƙo takarda shuɗiya kamar an tsamo ta daga marina. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na ga tsagar, layi-layi, daga gefen baki har kunne. Na matso da takardar kusa da idona. Ƙanwata ta juya baya tana share hanci.

Mun kwana Malbaza gidan wata 'yar uwa, washegari munka iso gida da ciwon baya. Abin da na koyo shi ne aikin gaggawa ke cinye fuskar mutum, kuma tunani ma yana ƙarya. Shekara da shekaru ina tuna inna da murmushi. Ashe fuska a ɗaure take, gira a haɗe. Jikokina sunka zagaye hoton, sunka dube shi, sunka dube ni, babu wanda ya yi ƙarfin halin cewa fuskata ce sak.