Yadda Muka Ja Taru a Filin Malanville

Ko da zan manta da komai na aikin koyarwa, ba zan manta da ranar da na saɓa wa Kamarad Kojo a gaban jama'a ba. Lokacin ina mushe, wato malamin lakwal, makarantar boko ke nan, a wani ƙauye kusa da Garou, zamanin mulkin soja da kowa ake ce masa kamarad. Da yake ni ne ƙarami a malamai, sai direktanmu, shugaban makarantar, ya ɗora mini horar da yara ƙwallo.

Kamarad Kojo shi ne jami'in wasanni da aka turo mana daga kudu. Mutum ne mai tsabta da son aikinsa, amma littafin da ya zo da shi ya fi kowa gaskiya a wurinsa. Ya sa aka zana filinmu da toka gida-gida, kowane yaro da nasa, wanda ya tsallaka layi ya sha tsallen kwaɗo. Ya kuma gaya mana cewa duk mushen da ya kauce wa tsarin, zai rubuta shi da rashin ɗa'a. A wancan zamani irin wannan takarda tana nufin a ɗauke ka a jefa ka wani lungu. Ni kuwa mahaifiyata na kwance a Garou, ba mai kula da ita sai ni.

Yarana 'ya'yan masunta ne. Tunda aka kulle su a gidajen toka sai suka zama kamar awaki a turke, ƙwallo na wucewa suna kallo. Abin ya ci mini rai ƙwarai.

Wata Alhamis da ba karatu na je bakin kogi, na tarar da su suna jan taru da iyayensu. Na gefe biyu suna gaba, na tsakiya suna jinkirtawa, a hankali bakin ya rufe, kifi ba hanya. Ba mai ba wani umarni, kowa na duban na kusa da shi. Na ce su gwada mini haka a kan rairayi, mai ƙwallo shi ne kifin. Alhamis uku muka yi muna wannan a ɓoye, ban gaya wa ko direkta ba.

Ranar wasan ƙarshe na gasar makarantu a Malanville muka haɗu da lakwal ɗin cikin gari, yara manya masu takalma. Na bi littafi sau da ƙafa, kafin hutun rabin lokaci an zura mana biyu. Kyaftin ɗinmu, Alzuma, ya zo yana haki ya ce, "Mushe, ka bar mu mu ja taru. In munka tsaya haka, kunya za mu kai gida."

Kamarad Kojo na zaune bai fi taku biyar da mu ba, ya kuwa ji. Na tuna mahaifiyata. Sai na dubi yaran nan goma sha ɗaya suna jiran bakina, na ga ba zan iya hana su ba. Na ce, "Ku tai ku ja."

Abin da ya biyo baya, mutanen kasuwa sun daɗe suna labarinsa. Duk wanda ya taɓa ƙwallo a cikin 'yan gari sai ya ga an zagaye shi, kafin ya ɗaga kai an raba shi da ita. Alzuma ya ci biyu, ana dab da tashi wani ɗan siriri mai suna Hamani ya ci ta uku. Ni da ban iya rawa ba, ranar na taka.

Litinin aka kira ni ofis. Na tafi na riga na yi bankwana da ƙauyen a zuciyata. Kamarad Kojo ya turo mini takarda da alƙalami ya ce in zana masa abin da muka yi. Na ce ba ya zanuwa, sai dai a gani. Alhamis ta gaba sai ga shi a bakin kogi, ya naɗe wando har gwiwa, tsofaffin masunta na yi masa tsiya wai bai iya riƙon igiya ba.

Rahoto dai ya rubuta, amma ba na rashin ɗa'a ba. Ya raɗa wa tarunmu wani dogon suna na Faransanci, ya aika a matsayin sabuwar dabarar ofishinsa. Ban yi jayayya ba, don riba ta fi suna. Na zauna a ƙauyen, na yi jinyar mahaifiyata har ta miƙe.

Ku matasa da ke horar da yara yanzu, ban ce ku yar da littafi ba. Amma yaro ba ya zuwa fili hannu wofi. Kafin ka zana masa inda zai tsaya, je ka ga abin da yake yi a gidansu.