Ranar da Na Yi wa Kwamfutar Baba Kitso

Wata Asabar ce cikin daminar da nake aji biyar na firamare. Ina tsugune ina wanke-wanke a tsakar gidanmu na haya a Nyanya, sai na ji salatin Mama daga falo. Na ruga da kumfa a hannu, na tarar ta jawo ƙanena Sadiq ta ƙafa daga ƙarƙashin tebur, wayar adaftar kwamfutar Baba a bakinsa yana tsotsa. A satin ya fara rarrafe. Allah ya taimake mu an ɗauke wuta.

Kwamfutar tsohuwa ce, ta hannu Baba ya sayo, yana buga wa mutane takardu idan ya taso daga aiki. A kanta nake koyon bugu da yatsa biyu, kuma ina son ta kamar me. Amma bayanta abin kunya ne. Wayar firinta da ta sifika da baƙaƙen adaftocin nan masu zafi duk sun cukurkuɗe a ƙasa kamar taliyar da ta kwana, ko tsintsiya ba ta ratsawa. Mama ba mai yawan magana ba ce, shi ya sa da ta ce, "Gobe a fitar min da ita daga gidan nan," Baba ma ya haƙura.

Ni ce ban haƙura ba. Na je da hawayena wurin Maman Ladi, maƙwabciyarmu mai kitso. Ta biyo ni gida, ta leƙa ƙarƙashin teburin, ta kwashe da dariya. "Wannan ai gashi ne, yarinya. Ki taje shi tukuna, ki raba, sai ki kitsa." Na zare komai daga soket, na warware wayoyin ɗaya bayan ɗaya, na goge ƙurarsu, na kitsa su sakwa-sakwa, na ɗaure da ƙyallayen atamfa. Adaftocin ne suka ba ni wuya, don ba sa son a rufe su. Can na tuna da ragayar da Mama ke rataya ƙwarya. Na sa su a ƙaramin kwando, na rataye a ƙusa bayan teburin, inda iska ke ratsa su, hannun yaro kuma ba ya kaiwa.

Mama ba ta yaba ba. Sadiq ta ɗauko ta dire a tsakiyar falo. Ya miƙe hanya sai ƙarƙashin tebur, ya lalubi nan, ya lalubi can, bai sami abin kamawa ba, ya ɓare baki da kuka. "To, ta zauna," in ji Mama, ta koma kicin. Ranar kaina bai shiga ƙofa ba.

Yanzu waya ɗaya ce a jikin kwamfutar 'ya'yana, ba su san ƙarƙashin tebur ba balle su yi kewarsa. Ni kam ina yi. An yaba min a wurare da yawa tun daga lokacin, amma ban ji yabon da ya kai kukan nan daɗi ba.