Sallau Mai Ba Turawan Majigi Baki

Duk ranar da za a yi majigi, da hantsi Malam Sallau yake shiga ɗakin ajiyar kaya na masu aikin dam ɗin Bakolori, ya toshe tagogi da buhuna, ya sa direba ya kunna masa fim ɗin ranar, ya kalla shi kaɗai. Tsofaffin finafinai ne, baƙi da fari, na Turawa masu huluna da 'yan sanduna. Turancinsa bai wuce na gaisuwa ba. Abin da yake dubawa shi ne yadda mutum ke cire hula kafin ya yi magana, da yadda mace ke sassauta murya. Yakan ce mutanen nan masu ladabi ne, bai dace a sa musu bakin 'yan tasha ba. Da la'asar mota ta tashi, yau Talata Mafara, gobe Bakura, jibi Maradun. Bayan isha'i a ɗaura farin ƙyalle a jikin bango, ya riƙe lasifika, Turawa su fara Hausa.

Kuma wace irin Hausa! Bature zai shigo a guje gidansa na cin wuta, amma a bakin Sallau sai ya tsaya ya gaida maƙwabci, ina wuni, ina gajiya, yaya iyali, yaya shanu, sannan ya ce in babu takura a ara masa guga. Wani zai ɗaga hannu zai mari abokin faɗansa, sai ka ji ya nemi izini tukuna, ya ce ranka ya daɗe a gyara masa kunci. Lebura da manomi da mai kiwo su yi ta birgima a ƙasa. Duk tsawon shekarun nan ba wanda ya taɓa jin ashar ta fito daga lasifikar nan. Mu iyaye mun san darajar wannan, mu da hankalinmu ba ya kwanciya in yaro ya ce zai je kallo, don ba mu san kalmar da zai dawo mana da ita gida ba. Kai ne, Sallau, wanda muke turo maka 'ya'yanmu su dawo sun ƙara iya gaisuwa.

Mutanen Maradun suna da shaidar da ta fi wannan. Akwai Buba, manomin da ruwan dam ya cinye gonarsa. Ɗansa na fari, Jafaru, ya shiga leburanci don ya riƙe gidan, sai ya faɗo daga mota ya karye a ƙafa. Ƙashi ya haɗu, amma da ɗingishi. Tun daga nan saurayin ya juya fuska bango. Gwaggonsa Asabe ta kai kwano, ta ɗauko shi yadda ta kai. Malamin asibiti ya ce allura ta gama nata aikin, a nemo abin da zai ba shi dariya, don ita ke buɗe ƙirji, ta jawo yunwa da barci, in ba haka ba ramar nan za ta kai shi inda ba a so.

Buba kuwa kunyar ɗan fari ta ɗaure shi. Bai taɓa kiran sunan yaron ba, bai taɓa zama inda yake zaune ba. Sai dai ya laɓe a bayan danga yana sauraro ko zai ji motsin cokali. Da abin ya ishe shi, ranar kasuwa ya hau mota har Talata Mafara wurin Sallau. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka taɓa zancen albasa da na ruwa, sannan Buba ya sunkuyar da kai.

"Wani yaro na nan gidanmu, ba shi cin abinci."

Sallau bai tambaya ko yaron wa ne ba. Ya tambaya ko ana iya ɗauko shi zuwa fili. Buba ya ce ana iya, sai dai in yaron ya hango shi a wurin ba zai buɗe baki ba, shi kuma ba zai iya zama gida bai san abin da ake ciki ba.

Da mota ta zo Maradun, Sallau ya ƙi bango. Ya sa aka kafa sanduna a tsakiyar fili aka ɗaura ƙyallen, tunda hoto yana fita ta gaba da ta baya. Ya yi shela cewa yau dattawa gabas, samari yamma, kowa da gefensa. Abokan Jafaru suka ɗauko shi suka zaunar a kan tabarma ta yamma. Buba na gabas, ƙyalle ya raba su, kunnensa duk yana can.

Fim ya yi nisa, jama'a na dariya, Buba bai ji muryar da yake jira ba. Sai aka nuno wani Bature mai ƙaton tumbi ya zauna cin abinci. Ta bayan ƙyalle kuwa komai a juye yake fita, dama ta zama hagu. Sallau ya gyara murya.

"Samari, ku yi ma baƙonga uzuri, ya raina ku yana ci da hagu. Dattawa kam ya ji nauyinsu, da dama shi ka ci."

Samari suka kwasa a guje suka zagayo gabas su gani, suka tarar da dama yake ci. Suka koma yamma, hagu. Wani dattijo ma ya tattare riga ya bi su don ya tabbatar. Fili ya kaure. A cikin hayaniyar nan Buba ya tsinkayo wata dariya daga yamma, mai shaƙewa a ƙarshe, irin wadda ya sani tun mai ita yana goye. Ta yi ta yi har ta koma tari. Buba ya ja rawani ya rufe fuska, na kusa da shi suka ɗauka shi ma dariyar yake yi.

Da safe Asabe ta wuce ta gaban Buba da kwano, ta karkata shi yadda zai ga an cinye abin da ke ciki.

Yanzu murya ta fara gajiya, Sallau zai ajiye lasifika ya koma garinsu Morai noman albasa. Mun gode, mai bakin alheri. Kai ne ka nuna mana ana iya kwantar da gari da dariya ba a ci mutuncin kowa ba. Samarin da za su gaji wurin nan, ku je ku zauna gabansa tun yana da ƙarfin koya muku, ku tsabtace harshe kafin ku ɗauki lasifika, don 'ya'yanmu ne a gabanku.

Buba ya ji za a rubuta wannan, ya aiko a isar maka da saƙo, Sallau. Ya ce yaron nan na gidansu ya fara zuwa gonar aro da sandarsa, kuma yanzu tuwon gidan ne ba ya isa.