Rabin Ƙwaya

Wauta dai na tafka ta, ba da ƙuruciya ba, da furfurata. Boko ban yi ba, allo ma na tsere tun ban kai ko'ina ba, amma sai ga ni na naɗa kaina likita.

Malamar asibiti a Wurno ta ɗaura mini abin awo a damtse, ta ce jinina ya hau, ƙwaya guda kullum da safe har iyakar rai. A lokacin taubashina yana zaune a zaurena, tun da 'yan bindiga sunka tashi ƙauyensu a ƙasar Rabah. Shi ma ciwon ke gare shi. Maganinsa can ya baro shi, tare da rumbu da awaki.

To, ina zan kai abu baki, baƙona na kallo? Mu da munka tashi muna raba goro guda. Sai na sa 'yan haƙoran da sunka rage mini na fasa ƙwayar biyu.

Ya duba tafin hannunsa ya ce, "Bawana, mi ne na wanga? Ko kaza ta raina shi."

Na ce masa rabin goro ma goro ne, ya haɗiye ya yi mini godiya irin ta bayi. Haka munka riƙa yi. Da munka ga kai ba ya sarawa, sai munka fara tsallake kwanaki, wai muna ajiya don ranar da ciwo ya taso. Ɗiyata, wadda ke kawo mini maganin, ban gaya mata ba. Na ji kunyar a ce baƙona ya zama nauyi.

Da rani ya samu aikin ban-ruwan albasa a fadamar Goronyo. A mota anka maido shi, baki a karkace, ɓarin dama ya shanye. Cikin kwamin albasa ya faɗi.

Yanzu yana kwance a zauren. Na tsokane shi har na gaji, ido kawai yake bi na da shi. Ni da na raba, ga ni ina yawo da ƙafafuna, ban san dalili ba.

Ranar da ɗiyar tawa ta ji yadda anka yi, ba ta yi faɗa ba. Tana goge masa kunu a gemu ta ce, "Baba, da ka faɗa mini, ai da na mutum biyu zan riƙa kawowa."